Ƙofar Sabuwar Mota Ba Ta Zauna Daidai Ba: Yadda Ake Aunawa, A Gano Dalili, A Gyara

Mota sabuwa fil, ko ledar kujeru ba a cire ba, tana iya zuwa da ƙofar da ta ɗan sunkuya, ko kapo, wato murfin inji, da ya fi tashi a gefe guda, ko parshok, wato kariyar gaba ko bayan mota, da ya buɗe baki a ƙarƙashin fitila. Mafi yawan irin wannan gyaran rabin awa ne da kile biyu. Amma akwai wanda alama ce ta cewa motar ta sha bugu a hanya, an lallaɓe ta kafin ta iso hannunka. Aikin mai saye shi ne ya raba waɗannan biyun, kuma ido kaɗai ba ya raba su, balle jin ƙarar rufe ƙofa. Awo ake yi. Ana yin sa ne kafin ka sa hannu a takardar karɓar mota, kuma kafin wani ya ɗora kile a kan ko da noti guda.

Daga ina karkatar take fitowa

A masana'anta ana haɗa gangar jikin mota da walda, a rataya ƙofofi da kapo da murfin baya, a daidaita su tun ƙarfen yana tsirara, sannan a shiga da ita ɗakin fenti gaba ɗaya don launi ya zo iri guda. Bayan fenti, yawancin masana'antu suna sake sauke ƙofofin, a kai su wani layi a sa musu gilashi, injin ɗaga gilashi, lasifika, wayoyi da roba, sai can ƙarshe a mayar da su jikin motar. Ƙofar da aka daidaita tana fanko yanzu ta kai kilo 20 zuwa 30. Masu haɗawa sun san da haka, suna barin ta ɗan sama don nauyin ya saukar da ita wurinta, sai dai lissafin ba kullum yake faɗawa daidai ba.

Abin da ke sa ƙaramin kuskure ya fito fili shi ne yadda ƙofa take rataye. Ƙarafa biyu ne ke riƙe da ita, sharniyar sama da ta ƙasa, kuma tsakaninsu bai wuce santimita 30 zuwa 40 ba, alhali tsawon ƙofar gaba ya kai mita guda. Idan sharniyar sama ta gusa da milimita 1, bakin ƙofar na baya zai sauka da kusan milimita 3. Ka riƙe wannan lissafin, zai yi maka amfani lokacin gyara.

Sai kuma hanya. Motar da ta iso Yamai ta yi makonni cikin jirgin ruwa, ta sauka a tashar Lome ko Kwatano, ta yi tafiyar sama da kilomita 1000 a kan babbar mota ko a kan tayoyinta. A 2023 da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya da yawa sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, lodi da sauke kaya ma sun ƙaru. A kowane zango ana iya buga ƙofa da ƙarfen motar ɗauka, ko a goge parshok wajen hawa, ko iska ta fizge ƙofar da aka buɗe ta wuce iyakarta. Wanda kuma ya sayi motarsa ba daga wakilin kamfani ba, irin waɗanda ake shigowa da su daga Dubai ko Amurka ana cewa ba su taɓa taka ƙasa ba, shi ya fi kowa bukatar ya auna, don babu wanda zai koma wa da kuka.

Shirin awo

Ka ajiye motar a kan daɓen siminti mai shimfiɗa ɗaya. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce: idan taya guda tana cikin rami ko kan tudun yashi, jikin motar yana ɗan murɗewa, sai ka ga karkatar da babu ita, ko kuma ta ɓoye wadda ke akwai. Iskar tayoyi ta zama daidai, a sauke kaya, kowa ya fita, a wanke motar don ƙura tana cike tsaga tana ruɗin ido.

A inuwa ake aunawa, kuma da safe ya fi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tahoua yana wuce digiri 40, jikin baƙar mota da ta wuni a rana kuwa yana haura 70. Ƙarfe mai tsawon mita guda yana miƙewa da kusan rabin milimita idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40. Robar parshok tana miƙewa ninkin haka sau da yawa, shi ya sa parshok da ya zauna lafiya da asuba yake iya turo kunne da azahar.

Kayan aiki ba su da tsada. Akwai ma'aunin tsaga na roba mai kama da tsinke, sirara a baki yana kauri zuwa baya, da lambobi a jikinsa. Idan babu shi, tsofaffin katunan banki sun isa: kaurin kowane kati milimita 0.76 ne, huɗu sun ba ka kusan 3, biyar 3.8, shida 4.6. Kada ka cusa sukurdireba ko wani ƙarfe a tsagar sabuwar mota, fentin bakin ƙofa ne zai tafi. Sai ƙaramar rula ta santimita 15, tocila, alli, sikoc na takarda irin na masu fenti, takardar kuɗi ta jika guda, da takarda da biro. Ka zana motar ta hagu da ta dama, duk lambar da ka samu ka rubuta a wurinta.

Awon kansa

A yawancin motocin zamani tsagar da ke tsakanin ƙofa da maƙwabcinta tana tsakanin milimita 3 zuwa 5. Ta ƙasan ƙofa takan fi haka faɗi, wannan ba laifi ba ne. Motocin aiki irin su Hilux da Land Cruiser sun fi ƙananan motoci sakin tsaga. Don haka lambar kanta ba ita ce abin dubawa na farko ba. Abu biyu ake nema: tsagar ta tafi da faɗi ɗaya daga sama har ƙasa, kuma ta hagu ta yi daidai da ƴar'uwarta ta dama.

Kowace tsaga ka auna ta wuri uku, sama, tsakiya da ƙasa. Bambancin da bai wuce milimita 1 ba yana cikin abin da masana'antu ke yarda da shi, kuma a ganinmu bai cancanci a kwance noti saboda shi ba. Idan ya kai 2, sai a nemi dalili. Idan fentin gefe biyu yana gogar juna, wannan ba abin jira ba ne, tsatsa ce ke tafe da damina ta farko.

Siffar tsagar tana faɗin abin da ya faru. Ɗauki ƙofar gaba. Idan tsagar da ke gabanta, wajen ƙarfen saman taya, ta yi faɗi a sama ta matse a ƙasa, ta bayanta kuma ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, ƙofar ta sunkuya. Za ka tabbatar da haka daga layin da aka karya a jikin mota, wanda ke bi ta ƙofofin biyu: a bakin baya na ƙofar gaba zai sauka ƙasa da na ƙofar baya. Idan kuwa tsagar gaba ta matse daga sama har ƙasa, ta baya ta buɗe daga sama har ƙasa, ƙofar a miƙe take, gaba kawai ta gusa.

Bayan faɗin tsaga sai tudu. Ɗora rula a kwance ta haye tsagar, ka ga wane gefe ya fi fitowa. Ƙa'idar ita ce bakin da ke fuskantar iska kada ya fi na gabansa fitowa. Wato bakin gaba na ƙofar baya ya zama daidai da ƙofar gaba, ko ya shige ciki da abin da bai kai milimita 1 ba. Idan shi ne ya turo waje, zai riƙa kama iska yana fito da zarar ka wuce kilomita 80 a awa, kuma tsakuwa da rairayi za su cinye fentin bakin.

Yanzu buɗe ƙofar kamar faɗin tafin hannu, ka kama ƙasanta ta baya ka ɗaga. A sabuwar mota, motar gaba ɗaya ce za ta motsa, ƙofar ba za ta yi wasa ita kaɗai ba. In ka ji ƙwas, ko noti ya saki, ko sandar sharniya tana da sarari. Sannan ka tura ta a hankali har makulli ya taɓa ƙugiyar da ke jikin ginshiƙi, idonka a kan layin jikin motar. Ƙofa mai lafiya tana shiga a miƙe, ka ji ƙara biyu, ta kamun farko da ta kamun ƙarshe. Idan ta yi ɗan tsalle sama kafin ta rufe, ko ta faɗo lokacin da ka buɗe, to ƙugiyar ce ke ɗauke da nauyinta. Duba saman ƙugiyar, za ka ga inda ya fara sheƙi saboda guga. Irin wannan ƙofar a rufe tana iya ba ka awo mai kyau, amma makullin ne ke shan wahala, kuma shi zai fara lalacewa.

Roba, ƙura da ruwa

A ƙasarmu karkatar ƙofa ba maganar kyan gani ba ce kaɗai. Tazarar da ba ta kai kaurin farce ba tsakanin roba da ƙarfe ta isa ta cika mota da jar ƙura a tafiya guda. Sa takardar jika a kan robar, ka rufe ƙofa a kanta, ka ja. Ya kamata ka ji ta riƙe. Ka bi zagayen ƙofar da ita, tazarar taƙi guda-guda, musamman kusurwar sama ta baya da ƙasan ƙofa. Inda ta zare ba tare da turjiya ba, nan ne ɓarakar. Alli ma yana nuna haka: shafa shi a robar, rufe, buɗe, inda bai bar fari a ƙarfe ba roba ba ta taɓa ba.

Gwajin ruwa da tiyo ake yi, ruwan yana zuba a hankali, a fara daga ƙasa a hau sama, mutum guda yana ciki da tocila. Kada a yi da injin wankin mota mai ƙarfi, shi ko lafiyayyar roba yana iya ketawa. Idan ƙarar iska ce ke damunka, liƙe tsaga guda da sikoc ka hau kwalta, ka riƙa canza wurin har ƙarar ta ɗauke.

Akwai abin da ake yawan ɗora wa ƙofa alhali ba laifinta ba ne. Sabuwar roba tana da tauri, motar zamani kuma a toshe take, don haka ƙofar ƙarshe da za a rufe sai an ɗan ƙara mata ƙarfi. Sauke gilashi guda ka sake gwadawa. In ta rufe cikin sauƙi, iskar cikin motar ce ke turo ta. Akwai ƴan kafofin fitar iska masu leɓen roba a ɓoye bayan parshok na baya, kuma ƙura ko kaya suna iya toshe su. Wannan ba ya bukatar a taɓa sharniya ko kaɗan.

Alamun cewa an taɓa motar

Nan ne wurin da ya kamata a zauna a natsu, don shi ke raba motar da za a daidaita da wadda za a bar wa mai ita.

Fara da kawunan notuna: na sharniya, na kapo, da jerin waɗanda ke riƙe da ƙarfen saman taya in ka ɗaga kapo. Notin da aka yi wa fenti tare da mota, in kile ya hau shi, fentin kusurwoyinsa yana fashewa, kuma sau da yawa za ka ga zoben inda ɗan faifan ƙarfen da ke ƙarƙashin notin ya zauna da farko ya leƙo a gefe. Amma a yi hattara da ƙofofi. Tun da masana'anta da kanta tana sauke su bayan fenti, notunan gefe guda na sharniya suna iya zuwa da alamar kile ko ma babu fenti a kansu. Abin yi shi ne kwatanta ƙofofin huɗu. Idan duka iri guda ne, aikin masana'anta ne. Idan guda ce ta fita daban, an taɓa ta.

Sai kaurin fenti. Ƙaramar na'urar auna shi tana ba da lamba da mikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Fentin masana'anta yakan faɗa tsakanin 80 zuwa 160. Fara da rufin motar, shi ne ba a cika taɓawa ba, ka riƙe lambarsa a matsayin ma'auni. Ƙofar da ta nuna sama da 200 alhali sauran suna 110, an sake mata fenti. Wadda ta haura 500, akwai mastik, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi, a ƙarƙashi. In babu na'ura, maganaɗisu marar ƙarfi da aka naɗe a ƙyalle yana sakin jiki a inda mastik ya yi kauri, sai dai ba ya gane fenti na biyu, kuma ba ya kama kapo ko ƙofar da aka yi da alminiyom tun asali.

Buɗe ƙofar ka duba naɗin bakinta ta ciki. Masana'anta tana bin sa da layin danƙo mai faɗi ɗaya, an yi fenti a kansa, ya bushe da tauri. Na hannu yana kauri yana sirancewa, wani lokaci farce yana nutsewa a cikinsa, ƙofar da aka canza kuma tana iya zuwa babu shi sam. Ɗaga leɓen roba ka nemi feshin fenti a kanta, ka bi cikin ƙofa da yatsa ko za ka ji kaifin layin da sikoc ya bari. Ɗan bambancin launi tsakanin parshok da ƙarfe kuwa ba hujja ba ne, don fenti ba ya zama iri guda a kan roba da ƙarfe ko a masana'anta.

Babbar alama ita ce abubuwa da yawa su karkata wuri guda. Kapo ya matse a dama ya buɗe a hagu, fitila guda ta shige ciki, tsagar gaban ƙofar dama ta matse, ta hagu ta buɗe: gaban motar ne gaba ɗaya ya gusa. Ɗauki mita ka auna a gicciye cikin ɗakin inji, daga notin saman amortiso na hagu zuwa notin gaba na dama, sannan akasin haka. Awon biyu ya kamata su zo ɗaya. Bambancin da ya wuce milimita 3 yana bukatar a ɗaga motar a duba ƙasanta. Ka kuma leƙa rufin, daidai saman ginshiƙin tsakiya, ko akwai ɗan lotsawa, ka ɗaga shimfiɗar baya ka duba ko danƙon walda ya tsage. Motar da ta nuna waɗannan ba sabuwa ba ce, ko da lambar kilomitarta sifiri ce, kuma daidaita ƙofa ɓoye ciwon kawai zai yi.

Motoci masu shasi daban suna da nasu. A Hilux, ɗakin direba da akwatin baya kowanne zaune yake a kan shasi da nasa notunan. Akwatin da ya fi leƙowa gefe guda da ƴan milimitoci, yawanci sassauta notunansa duka, a gyara masa zama, a ɗaure, ya wadatar. Amma in ka tsaya a baya ka ga saman akwatin bai yi layi ɗaya da ƙasan gilashin baya ba, gefe guda ya fi tashi, sai a duba robobin da yake zaune a kai da shasin kansa.

Takarda kafin kile

Duk abin da ka gani, ɗauke shi hoto da ma'aunin a cikin tsagar, da lambar shasi, a harabar mai sayarwa. Sannan a rubuta shi a takardar karɓar mota da lambobi: ƙofar gaba ta hagu, tsagar baya, sama 2.5, ƙasa 5. Mai sayarwa zai iya ce maka, "Alhaji, tafi da ita, in ka kawo ta juyen mai na farko sai mu duba." Amsar ita ce a rubuta hakan, a sa hannu da hatimi. Da zarar motar ta fita ƙofar gida, duk wata karkata ana iya cewa ramin hanya ne ko kai ka buga ta. Kamfanoni da dama kuma wa'adin da suke ba aikin daidaitawa ya fi na garantin inji gajarta, don haka ka karanta littafin garantin. Idan kamfani ne ko ɗan kasuwa ya saya don sana'arsa, dokar ciniki ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, wata guda ta bayar daga ranar karɓa don a sanar da aibin da ke bayyane.

Muddin motar tana cikin garanti, kada ka kai ta wani gareji a fara taɓawa. Alamar kile guda ta isa a ce daga waje aka ɓata ta.

Yadda ake daidaita ƙofa

Wannan na wanda ba shi da garanti ne, ko wanda yake so ya tsaya a kan tolye, wato mai gyaran jikin mota, ya san abin da ake yi wa motarsa.

Daga baya ake farawa. Ƙarfen gefen baya walda ce ke riƙe da shi, ba ya motsi, don haka shi ne ma'auni. A daidaita ƙofar baya da shi, ƙofar gaba da ta baya, ƙarfen saman taya da ƙofar gaba, sannan kapo, fitilu da parshok. Wanda ya fara daga gaba zai kai baya ya tarar babu sauran wurin gusawa.

Liƙa sikoc a bakin ƙofa da na maƙwabcinta don kada su ƙwarzani juna. Zagaye sharniya da ƙugiya da siririn alƙalami, ka san inda ka taso. Sannan ka cire ƙugiyar gaba ɗaya. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, kuma shi ne gindin aikin: sharniya ce ke ɗaukar ƙofa, ƙugiya riƙe ta a rufe kawai take yi. Mai gyaran da ya ga ƙofa ta sunkuya ya ɗaga ƙugiya sama, bai gyara komai ba, ya dai koya wa ƙofar tsalle. Notunan ƙugiya a motoci da yawa masu bakin tauraro ne, lamba T40. Na sharniya a motocin Japan yawanci kile 12 ne, a na Turai 13 ko bakin tauraro.

Tallafi ƙasan ƙofar da kirik, da katako da tsumma a tsakani, mutum na biyu yana riƙe da ita. Notunan da ke haɗa sharniya da ginshiƙin mota su ke kai ƙofa gaba, baya, sama da ƙasa. Waɗanda ke haɗa sharniya da ƙofar su ke shigar da ita ciki ko fito da ita waje. Ga ƙofar da ta sunkuya, sassauta na sharniyar sama a gefen ginshiƙi, kwata ko rabin juyi kawai, na ƙasa kuma a bar guda a ɗaure ya zama madogara. Ɗaga kirik kaɗan, ɗaure, sauke kirik, tura ƙofar wurinta ka auna. Tuna lissafin nan na ɗaya zuwa uku: gusawar da ido da ƙyar yake gani a sharniya ta isa. Ana barin bakin baya sama da kamar rabin milimita, don yana zama in kirik ya sauka. Kada a sassauta notuna duka lokaci guda, ƙofar za ta zube ta ci fentin ƙasa.

Wani abin da ke ba masu gyara mamaki: a motocin Toyota da yawa notunan sharniya na masana'anta suna da kafaɗa da ke cika ramin, ko ka sassauta su ƙofar ba za ta gusa ba. Littafin gyaran kamfanin da kansa ya ce a musanya su da noti na yau da kullum mai ɗan faifan ƙarfe a ƙarƙashi kafin a daidaita. Wanda bai san haka ba shi ne ke ɗauko katako ya cusa a sharniya ya danna ƙofa, ko ya sa kirik ya ɗaga ta da ƙarfi har ƙarfen ginshiƙi ya lanƙwashe. A tsohuwar motar haya ana iya yin haka a wuce. A sabuwar mota ɓarna ce, fenti yana tsagewa a inda ba ka gani, tsatsa ta shiga.

Idan ƙofar ta zauna daidai ba tare da ƙugiya ba, sai a mayar da ƙugiyar, a ɗaure ta sama-sama, a ja hannun ƙofa a riƙe, a tura ƙofar a hankali don makullin ya jawo ƙugiyar tsakiyar bakinsa. Shigar da ita ciki yana ƙara matse roba, fito da ita yana sassautawa. Milimita guda-guda ake gusawa, da ɗan bugun gudumar roba. In an shigar da ita da yawa, ƙofa za ta tsaya a kamun farko, ka ga kamar ta rufe alhali tana iya buɗewa a kan hanya. Ƙarfin ɗauri a ƙananan motocin Japan yana wajen niyuton-mita 23 ga ƙugiya, 26 ga sharniya, amma kowace mota da lambarta a littafinta.

In aikin zai kai ga zare wayoyin ƙofa, a cire kan batir na baƙar waya a jira aƙalla daƙiƙa 90, don motoci da yawa suna da na'urar jakar iska ta gefe a cikin ƙofa ko ginshiƙi.

Kapo, murfin baya da parshok

Tsayin gaban kapo robobi biyu ko huɗu ne ke riƙe da shi, masu juyawa kamar noti. Juya rabi-rabi har ya yi daidai da ƙarfen gefe. In ka fito da su da yawa kapo zai ƙi kamawa sai da duka, in ka shigar da su da yawa zai riƙa rawa a kan gudu. Karkatar hagu da dama daga notunan sharniyarsa ake gyarawa, makullin gaba kuma a sassauta shi ya bi kapon. Bayan an gama, ja igiyar buɗewa ka gwada ɗaga shi da hannu: kamu na biyu dole ya riƙe. Kapon da ya tashi a hanyar Dosso ana gudun kilomita 100 gilashin gaba yake rufewa gaba ɗaya.

Ƙofar baya mai ɗauke da tayar safaya, irin ta Prado, ita ce ta fi saurin sunkuyawa, don taya da ƙarfenta suna lilo a kanta a duk gargadar hanya. Awon ƙarshe da tayar a jiki ake yi, kuma a duba robar da ke tallafar ƙofar ta gefen makulli, ita ke hana ta rawa. Bayan mota ne kuma iska ke tsotso ƙura ciki. A hanyar jar ƙasa, rufe gilasai ka kunna fanka tana jawo iskar waje ta cikin matatar iska, iskar ciki za ta fi ta waje ƙarfi ta hana ƙura shiga ta ƙananan kafofi.

Parshok ƴan maƙalai na roba ne ke riƙe da kunnuwansa. Kunnen da ya fito yawanci bai shiga maƙalinsa ba ne, dannawa da tafin hannu da safe tana mayar da shi. In ya sake fitowa, maƙalin ya karye, a canza shi, kada a ɗaure da waya ko a huda da sukuru. Motar da ke da na'urar hango abin da ke gaba a bayan parshok ko tambarin gaba, gusar da shi yana iya karkatar da na'urar, sai an sake saita ta da kwamfuta.

Bayan kowane gyara, a taɓa kawunan notuna da zoben da ya bayyana a gefen sharniya da ɗan fenti, kafin damina. A goge robobi da man silikon. Baƙin mai da giris suna kumbura irin wannan robar, giris mai yawa a makulli kuma yashi yake tarawa ya koma yana cin ƙarfen, don haka shafa kaɗan a goge saura. A sake gwajin takardar jika da na ruwa, a tabbatar gilashi yana hawa har ƙarshe, makullin yara na ƙofofin baya yana aiki. Bayan tafiya ta farko mai nisa a kan gargada, kamar zuwa Tahoua da dawowa, a mayar da motar kan daɓen da aka fara aunawa, a kwatanta da lambobin da ke takarda. In wata tsaga ta sake gusawa da fiye da milimita 1, a duba ɗaurin notunan da sandar sharniyar wannan ƙofar.